Yadda Za Ka Cike Kwarin Unguwarku da Turanci

Idan an naɗa ka ciyaman na wani kwamiti a garin nan, ranar ba da rahoto ta matso alhali ba ka tsinana komai ba, kwantar da hankalinka. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan daki-daki, za ka tashi daga taro ana tafa maka, ba tare da kowa ya san nawa aka yi ko nawa ya rage ba. Ba jita-jita nake ba ka ba. Shekara uku na yi ina ciyaman na kwamitin yaƙi da zaizayar ƙasa a layinmu na Barunde, inda kwari ke gutsurar gidajen mutane duk damina.

1. Ka guji lamba

Lamba ba ta da kunya. Wata ƙungiya ta kawo mana dashen dogonyaro ɗari biyar mu shuka a bakin kwari. Muka tsara masu ban ruwa, muka ɗauki hoto kowa riƙe da bokiti. Bayan hoton, awakin unguwa ne kaɗai suka ci gaba da zuwa aiki a kan lokaci. Da shekara ta zagayo, saura sha tara.

Sha tara ba abin faɗi ba ne a gaban baƙi. Hausa kuwa ba za ta rufa maka asiri ba: ka ce "da yawa", wani ya ce nawa; ka ce "da dama", wani ya ce mu je mu gani. Turanci ne Allah ya hore wa kalmomin da ke auna abu ba tare da sun taɓa shi ba.

2. Ka haddace kayan aikinka

Ba sai ka koma makaranta ba. Fara da "more", wato ya fi. Ya fi me? Ba ruwanka, kuma mai tambaya zai ji nauyin nuna bai gane ba. Sai "quite a number", wanda ke ɗaukar komai daga uku zuwa dubu uku. Babbansu shi ne "more or less", ma'ana ko ya fi ko bai kai ba. Ka faɗi duka biyun ke nan, duk wanda ya fito kai ka faɗa.

"Better", wato an samu ci gaba, shi kaɗai na ranar da abubuwa ke tafiya daidai ne. In sun fara lalacewa, ka ce "much better". In sun lalace ƙwarai, "far better", kana girgiza kai a hankali kamar kai ma abin ya ba ka mamaki.

3. Ka kwatanta da abin da ba a iya zuwa a duba

"Better than before." Yaushe ne kafin? Babu mai tunawa. "Better than other areas." Waɗanne? Ka yi nuni da hannu wajen gabas, akwai unguwanni da yawa a can.

4. Ka kawar da mai jin turanci

Kowane kwamiti yana da mutum guda da ya yi karatun da gaske, kuma shi ne matsalarka. Namu Malam Gilbert ne, sakatare, malamin firamare, mutumin da ba ya iya wuce abu bai ƙirga shi ba. Shi ne ya ƙirga sha tarar, ba wanda ya aike shi.

Ana saura wata biyu ruwa ya sauka, ƙungiyar ta turo injiniya daga Legas, wani Mista Ernest, wanda Hausarsa ta tsaya a "sannu". Zai duba layuka huɗu, ya zaɓi guda ɗaya tak, wanda ya fi kowa shiga haɗari, a gina masa katangar dutse a bakin kwari. Mai ƙaramin tunani zai ce ai sai a faɗa masa gaskiya a samu katangar. Mai ƙaramin tunani bai taɓa tsayawa cikin sabuwar babbar riga ba, mai unguwa Bamanga a damarsa, mai hoto a gabansa. In layinku ya fi na kowa lalacewa, kai kana ina shekara uku?

Motar baƙi na tsayawa na tura Malam Gilbert ya sayo ruwan sanyi. Na ce masa na can Tudun Wada mai nisa ya fi sanyi.

5. Ka zama tafinta da kanka

Wannan shi ne matakin da ke raba ƙwararre da ɗan koyo, domin duk yadda ka shirya, akwai wanda zai fito ba a gayyace shi ba. Tamu Goggo Kande ce, tela, wadda gidanta ne na ƙarshe kafin kwari. A ɗakin da ke kallon kwarin take ɗinki, a nan kuma take kwana. Ba ta jin turanci, amma ta ga baƙo da biro da takarda, ta san wa za ta kama.

Ba ta gaishe ni ba. Ta jingina baya da katangarta, ta tako zuwa bakin kwari tana ƙirgawa da ƙarfi, ta juyo.

"Ciyaman, ka faɗa masa. Bara taku sha ɗaya ne. Yau huɗu."

Injiniya ya dube ni. Jama'a suka dube ni. Kada ka yi rawar murya a nan. Murmushi za ka yi, irin na mai haƙuri da tsofaffi. Na ce masa tana cewa tazarar ta zama "slightly less", wato ta ɗan ragu kaɗan, a kan ta bara, amma gabaɗaya lamarin "far better" ne tun da aka yi dashen. Ya tambaya dashe nawa suka rayu, na ba shi "quite a number". Ya rubuta. Goggo Kande ta ga yana rubutu, ta ɗauka huɗunta ne ke shiga takarda, har ta ce Allah ya yi mini albarka. Na amsa da amin.

6. Ka karɓi sakamako da ƙanƙan da kai

Katangar dutse ta tafi wani layin, inda ciyaman ɗinsu jahili ne, bai iya komai ba sai nuna rami da yatsa. Mu kuwa aka aiko mana da takardar yabo a cikin gilashi, wai kwamitin da ya fi kowa himma. Ka rataye ta a zaure inda mai shigowa zai gani.

Malam Gilbert ya dawo da ruwan bayan baƙi sun tafi. Da wasiƙar ƙungiyar ta iso daga baya, ya karanta ya ga abin da na faɗa, ya ajiye littafin sakatare a kan benci, ya tafi. Tun daga ranar gaisuwarmu ta koma ɗaga hannu daga nesa. Kada wannan ya dame ka, masu ƙirga dama ba su cika riƙe zumunci ba.

7. In damina ta zo

Za ta zo, wannan kam turanci bai hana shi. A watan Agusta aka yi ruwan la'asar na awa biyu, ɗakin Goggo Kande ya zame cikin kwari da gadonta da ɗinkin mutane. Allah ya taimaka ta je kai wa wata kaya. Keken ɗinkin kaɗai maƙwabta suka ciro da igiya, ya cika da laka.

A irin wannan rana akwai jimla guda da aka tanada: "it could have been much worse", wato da ma abin zai iya fin haka muni. Na tsaya a bakin ramin na buɗe baki zan faɗe ta, ta ƙi fita. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake. Wannan rauni ne nawa, kai ka yi ƙoƙari ka fi ni.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo bayan amfani da ita, ko katanga ce, ko ɗaki, ko aboki. Kada a zo masa da ƙorafi, musamman da safe, domin lokacin yana da baƙuwa. Gidan da ke bin na Goggo Kande a layin, gidana ne. Yanzu tana zaune wurin 'yarta a Kumbiya-Kumbiya, amma duk washegarin ruwa sai ta hau Keke Napep ta zo, ta jingina baya da katangata, ta taka zuwa bakin kwari. Jiya ta yi sallama, na fito.

"Ciyaman, naka saura tara," ta ce. "Yaya ake faɗinsa da turanci?"