Hotunan Yaya Darakta Arba'in da Uku

Idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwar sanin komai, a fara da Yaya Darakta, sannan a ɗan huta kafin a ambaci na biyu. Tun da aka haife shi ba a taɓa jin "ban sani ba" daga bakinsa ba. Ko hanyar da bai taɓa bi ba ka tambaye shi, zai kwatanta maka, ya ɗora da tarihinta. A ofishinsu shi ke riƙe da makullin ɗakin tsofaffin fayiloli, kuma saboda wannan babban muƙami ne ƙannensa suka laƙaba masa Darakta don tsokana. Shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa a jikin ƙofa.

Bara aka tura shi taron bita na kwana biyu, don wanda ya kamata ya je zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya dawo da takardar shaida da kuma kwamfutar hannu, irin shafaffiyar nan mai faɗin faranti da ake latsawa da yatsa. Ya raɗa mata suna Allon, ya sa tela ya ɗinka mata jaka. Ranar da matarsa ta goge mata ƙura sai da ta sha laccar rabin awa. Ya ƙware wajen kunna ta, ya ƙware wajen kashe ta, kuma ga agogo a hannunsa amma sai ya zaro ta a bainar jama'a zai duba lokaci.

Allon nan ido ɗaya gare ta na ɗaukar hoto, ɗan mitsitsi, a saman gilashin, yana kallon wanda ke riƙe da ita. Mai son ɗaukar wani sai ya juya ta. An yi wannan bayani a wurin bita, amma a lokacin Yaya Darakta yana waje yana gyara wa mai gadi yadda ake tare ƙofa.

Mahaifiyarsu, Inna, 'ya'ya bakwai gare ta, shi ne babba. Autanta yana aiki a jirgin ruwa, shekara goma sha ɗaya rabonsa da gida. Da ya zo hutu, sai aka yi sa'a rana ɗaya tak duka bakwai ɗin za su haɗu, don masu nisa da yamma za su kama hanya, Auta kuma washegari. Inna ba ta roƙi kowa komai ba sai hoto ɗaya, ita a tsakiya, su kewaye da ita. Ta faɗa ba ɓoye-ɓoye: "Ban san ko zan sake ganinku a tare ba." Ta sayi firam, ta sa kafinta ya kafa mata ƙusa a saman gadonta, ta aika wa mai hoton bakin titi cewa ya zo bayan azahar.

Mai hoto ya zo a kan lokaci, kyamara a wuya. A bakin ƙofa Yaya Darakta ya tare shi.

"Bawan Allah, zamaninku ya wuce," in ji shi, yana shafa jakar Allon. "Duniya ta ci gaba, ku kuna nan kuna rufe ido ɗaya. Gidan da yake da mai takardar shaida ba ya ɗauko ɗan haya. Ka gaida gida."

Inna ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. "Inna, ki bar wa masana."

Aka fito da kujera tsakar gida. Jera mutum shida da tsohuwa ɗaya ya ci minti arba'in. Ya mayar da dogo baya, ya dawo da shi gaba, ya sa aka kwashe shanya, ya ce inuwar bango ta karkace. Da aka tambaye shi inda shi zai tsaya, ya ce Allon tana da dabarar saka mai ita daga baya, abu ne da ba kowa zai gane ba. Inna na zaune cikin rana da sabon mayafi, gwiwarta na ciwo, tana riƙe da hannun Auta kamar za a ƙwace mata shi.

Sannan ya ja baya taku biyar, ya ɗaga Allon sama da hannu biyu, bayanta na kallon iyali, gilashin na kallonsa. Ya gyara hula. Ya gyara gashin baki. Ya latsa.

Ƙanwarsa mai aikin jinya, wadda ke amfani da irin na'urar kullum a asibiti, ta leƙo daga layi.

"Yaya, ina jin fa idon yana ta wajenka. Me kake gani a gilashin?"

"Ni nake gani mana."

"To ai shi ke nan, kanka kake ɗauka. Juya ta za ka yi."

Ya sauke Allon a hankali, ya dube ta da tausayi. "Ke allura aka koya miki, ki tsaya a kan allura. Wannan na'ura ce mai ladabi. Fuskar mai ita take nunawa a sama, alamar tsaro, hoton kuma yana shiga ciki. Kwana biyu cur na yi ina karantar wannan fanni."

Auta ya zaro wayarsa. "Yaya, bari a ɗauki ko ɗaya da wannan, don ajiya."

Nan fa aka taɓo inda ba a taɓawa. Yaya Darakta ya ce wayoyi suna rikita iskar da hoto ke bi. Ya ce wanda ya goya a bayansa ne yau zai koya masa aiki a gaban mata da yara. Ya ce duk wanda ya ƙara ɗaga waya ya nuna bai ɗauke shi babba ba, kuma shi zai bar gidan yanzun nan. Inna, da ba ta son a rabu da ɓacin rai a rana irin wannan, ta ce, "Ku mayar da wayoyin. Yayanku ne."

Aka mayar. Ya latsa sau arba'in da uku, yana ba da umarni: a yi murmushi, a rage murmushi, Inna ta ɗaga haɓa. Da ya gama ya zura Allon a jaka, ya ce hoto ba ya son a dame shi da kallo yana ɗanye. Kafin la'asar masu nisa sun shiga mota. Da safe Auta ya tafi.

Bayan kwana uku ya kai Allon wurin mai hoton nan da ya kora, don shi kaɗai ke da injin wankewa a layin. Mai hoto ya duba, ya ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, duka za a wanke?"

"Aikinka wankewa ne, ba sharhi ba."

Mai hoto ya wanke su tas a takarda mai sheƙi, ya liƙe ambulan da kyau.

A ɗakin Inna aka buɗe, mai jinya na gefe. Na farko hancin Yaya Darakta ne, daga ƙasa, ƙofofinsa biyu a buɗe. Na biyu hancin ne da rabin hula. Akwai wanda yake hamma, akwai wanda yake tsawa, akwai guda shida da yake sha'awar gashin bakinsa. A bayan kunnensa ana hango igiyar shanya da bokiti. Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya har na arba'in da uku, ta sake komawa farko, tana neman ko gefen rigar Auta. Babu. Ta ajiye su a kan gado, kuma duk wanda ke ɗakin ya ji tausayinta, ban da mutum ɗaya.

Yaya Darakta ya yi gyaran murya. "To, a fannin ilimi wannan ba asara ba ce. Ɗan fari ai wakilin sauran ne. Wanda ya gan ni ya ga bakwai. Kuma ku duba yadda ya fito, ko gashi ɗaya bai ɓace ba."

Ya zaɓi wanda hancin ya fi haske, ya saka a firam ɗin Inna, ya hau kan kujera ya rataye shi a ƙusar. Ya sauko ya ja baya yana kaɗa kai.

Inna ta dafa gado ta miƙe da kyar. Ta kai hannu ta kama firam ɗin, ta juya shi, fuskar ta koma kallon bango.

"Ka gani?" ta ce. "Ban je bita ba, amma na iya juyawa."