Mai Auna Wofi

Aikina nazarin ƙananan ƙwayoyin iskar gas ne. A buga musu haske mai ƙarfi, su tofar da elektaron, mu kama biyun da suka fito tare. Na'urar tana Faransa, ni ina Yamai, sakamakon awo kawai ake turo mini a ordinatar, wato kwamfuta.

Daminar da Baba ya kwanta ciwo a gidanmu na Maourey, na hango a cikin awon abin da na rantse ba wanda ya taɓa gani. Ƙanwata Rabi ta yi ta kira: "Yaya, Baba na cigiyarka."

"Ki ce masa ɗansa na gab da girgiza duniya."

Da malamata ta duba sakamakon, sai ta kira ni, murya a sanyaye. Ashe awon da na duƙufa a kai an ɗauke shi tun kafin a buɗe bututun gas. Na'urar wayam take.

Na durƙusa gefen tabarmar Baba na faɗa masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ban sake jin dariyarsa ba.

Har yau, in tuwo ya ƙare, Rabi kan miƙo mini tukunyar a gaban kowa: "Yaya, aiki ya samu. Auna mana."