Ƙashin Malam Ilu

"Sannu da hutawa, tsohon da mutuwa ta manta da shi."

"Yauwa, amaryar da agogo ya yi wa saki uku," in ji Malam Ilu. "Ajiye kwanon, kada ki tsaya nazarinsa."

Firdausi ce, jikar aminina Malam Ilu, ta kawo mana tuwon rana a zaurensa da ke Soron Ɗinki. Ranar Asabar za ta zauna jarrabawar shiga jami'a. A ta gwajin da aka yi musu, lokaci ya ƙare mata, ta bar tambayoyi rututu ko ganinsu ba ta yi ba, labari kuwa ya iso zaure. Muka wanke hannu muka sa a kwano ɗaya. Ilu ya wawuri ƙaton ƙashin da ke tsakiyar miya.

"An ce kin samu tambayar kimiyya guda kin tare a gidanta," in ji shi. "Yaushe za mu kai gara?"

"Ni ba na barin abokin gaba a tsaye. Ba irinka ba, da akuya ta kora tun daga Mandawari har Shahuci."

"Akuyar ta fi ki lissafi, ta san lokacin komawa gida. An ce labarin Turancin da aka ba ku a jarrabawar ma tilawarsa kika yi ta yi, kamar mai shirin ba da hadda."

"To sai in amsa abin da ban fahimta ba?"

"Wa ke shiga kasuwa bai san aiken da aka yi masa ba? Fara duba tambayoyin, sannan ki shiga labarin ki ɗauko abin da aka aike ki. Wadda ta yi miki gardama ki wuce ta. In lokaci ya ragu, kya dawo ku daku."

"Ji malamin da bai san inda ake kunna kwamfuta ba!"

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Babban da ba ya ganin ƙofar zaure sai da tabarau? Ai gado na yi, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun da na shigo kake kokawa da ƙashin nan, kai da sauran haƙoranka."

"Ɓargo ne a ciki, yarinya. Mai haƙuri shi kan dafa dutse."

"Har ya sha romonsa, ko? Leƙa kwanon ka ga romon."

Ilu ya leƙa. Ni dai ina lashe hannu. Tuwon ya yi laushi, tsokar ma ba ta yi mini musu ba.

"Muttaka! Amanar ke nan?"

"Na ga kana da aiki," na ce.

Firdausi ta yi dariya har da dafa bango. Can kuma ta ce a hankali, "Tambayar kimiyyar nan ma, ƙarshe ban same ta daidai ba."

Ilu ya buga ƙashin a tafin hannunsa, ya sake bugawa. Ko ɗigon ɓargo bai faɗo ba. Ya ɗaga shi ya leƙa ramin, sai ya tuntsire da dariya.

"Nawa ma fanko ne. Na sallama, amarya. Ranar Asabar ki bar halin gidanku a gida, ki zauna wa tambayoyin nan yadda Muttaka ya zauna wa kwanon nan. Yanzu taimaka wa mijinki, leƙa madafa ko ƙanzo ya ragu."