Farin Ƙyallen da Na Kai wa Yarima

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba a Alƙahira ba, ranar da rawar kaina ta kusa haɗa faɗa tsakanin ƙasashe biyu da ba su ma gama gaisawa ba.

A lokacin na gama karatu, iƙamata kuma, wato takardar izinin zama, saura mata 'yan makonni ta mutu. Allah ya taimake ni na samu aikin tafinta na gwaji a wani ofishin jakadanci da ke unguwar Mohandessin (ba zan faɗi na wace ƙasa ba, har yanzu ina cin abinci a wurin). Sharaɗin a fili yake: in an tabbatar da ni, za a sabunta mini takardu, in ba a tabbatar ba, sai in naɗe tabarmata in koma gida. Wadda hukuncin ke hannunta ita ce Anti Rifkatu, shugabar sashen tarbar baƙi. Mace ce da ba ta ɗaga murya. Ta saman tabarau kawai take kallon mutum, sai ka ji kana neman gafarar laifin da ba ka ma yi ba tukuna.

Wata safiya ta tara mu ta ce za mu yi babban baƙo. Ƙanin sarkin wata 'yar ƙaramar masarauta ne da ke can ƙuryar Asiya, a saman duwatsu, inda aka ce mutum yakan buɗe taga ya ga gajimare a ƙasansa. Masarautar tana matse tsakanin manyan ƙasashe biyu, saboda haka ba ta ƙulla abota da garaje, kuma a duk Afirka ba ta da ofishin jakadanci ko ɗaya. Yariman ya zo Alƙahira wani taro, shi ne aka shirya ya biyo gidan Jakadanmu su sa hannu a takardar fara hulɗa tsakanin ƙasashen biyu.

Wallahi tun daga nan ƙafata ta daina taɓa ƙasa. Ɗan sarki! Ni da na taso ina gaya wa kowa cewa jinin fada ne ni (gaskiyar magana, kakana ne ke riƙe wa dagacin ƙauyenmu buta, amma ai fada fada ce). Na ce a raina, ga ranar da Anti za ta gane cewa ba ƙaramin mutum ta ɗauka ba.

Da aka watse ta kira ni gefe. "Aikinka biyu ne rak. Ka tsaya bayan Jakada, in ma'aikatan gida ko jami'an tsaro sun yi Larabci ka mayar da Turanci, in an yi Turanci ka mayar musu. Ban da wannan, ka zama kujera. Ka ji ko?"

Na ce, "Tamam, Anti," wato to, na ji. Bakina ne ya ce tamam, zuciyata tana can tana ƙulla nata.

Kwana uku na yi ina haƙa a waya, ina karanta al'adun mutanen nan. A nan na tsinci abin da na ɗauka zinariya ce: wai idan za ka gaida babban mutum a ƙasarsu, farin ƙyalle kake shimfiɗawa a kan hannuwanka biyu, ka sunkuyar da kai, ka miƙa masa. Na duba jerin shirye-shiryen da Anti ta rubuta, babu farin ƙyalle. Wani mai hankali da sai ya je ya ce, Anti, ga abin da na gani. Ni kuwa sai na yi murmushi na rufe bakina, don kada wani ya riga ni cin ladan.

Ranar Talata da azahar na sauka daga jirgin ƙasa a Wustul Balad, wato tsakiyar birni, na kutsa cikin 'yan yadi. Na sami wani dattijo a ɗan ƙaramin shago, na gyara murya na ce ina son farin yadi, fari tas, marar zane, mafi kyau, na babban mutum.

Ya dube ni a hankali. "Namiji ne ko mace?"

"Namiji."

"Dogo ne? Yana da jiki?"

Na tuna hoton da na gani. "Dogo ne, kakkaura."

"Yaushe ake buƙata?"

"Gobe kafin azahar."

Sai dattijon nan ya tashi da kansa, ya ɗauko wani ƙunshi a leda daga saman kanta, ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya ba ni haƙuri, ga ni baƙo a ƙasar mutane. Na ce amin, don zaman Alƙahira kam yana buƙatar haƙuri. Ko ciniki bai bari mun yi ba. Da na koma ɗakina a unguwar Hayyin Ashir na kwance ledar, sai ga yadi falle uku, ga kwalbar ruwan wardi, ga kafur, ga auduga. Na ce ikon Allah, ashe Misirawa ma sun san gyara.

Na san mai karatu ya riga ya gane. To ni ban gane ba, kuma ina da 'yar hujjata. A garinmu in an yi rasuwa, yadi ake yankowa a kasuwa, dattawa su zauna a zaure su ɗinka nan take. Ban taɓa sanin akwai ƙasar da ake sayar da abin a shirye cikin leda kamar burodi ba. Na zaɓi falle mafi girma na goge shi da dutsen guga, na yayyafa masa ruwan wardin, har da ɗan kafur don ƙamshi ya kama.

Laraba na isa gidan Jakada tun hantsi, cikin shaddata ta Sallah, da jaka a hammata. A bakin ƙofa na tarar da Ammu Sabir, mai gadin gidan, wani dattijo mai ƙaton gashin baki daga Sa'id, kudancin Masar. Ya girmi kowa a gidan, Jakadu nawa suka zo suka tafi ya gani. Duk lokacin da aiki ya kai ni gidan sai ya ba ni shayi. Ya shinshina iska ya ce, "Ya Ustaz, me ke cikin jakar nan?"

Na kashe masa ido. "Za ka gani, Ammu."

Ya kuwa gani.

Motoci suka shigo. Yarima ya fito, mutum mai fara'a, sanye da wata riga mai naɗi da ta tsaya masa a gwiwa, da doguwar safa. Tare da shi akwai mutanensa biyu da wani jami'in tsaron Masar da aka haɗa shi da shi. Aka shiga babban falo, Jakada ya tarbe shi, mai hoto ya gyara tsayuwa, Ammu Sabir yana riƙe da ƙofa. Zuciyata tana dukan uku-uku, amma na daɗi. Na ce yanzu ne ko ba yanzu ba.

Na zame bayan labule. Na tuɓe takalma, don jikan mai riƙe buta ya san ba a tunkarar sarauta da takalmi. Na cire hula, don na karanta cewa su haka suke yi. Na shimfiɗa yadin a hannuwana biyu, na sunkuyar da kai, na fito ina takawa ɗaya bayan ɗaya kamar hawainiya, ƙamshin kafur yana gabana.

Falon ya yi tsit. Na ce a raina, ka ga kwarjini.

Sai na ji ƙofa ta bugu, na ji muryar Ammu Sabir ta cika gidan: "La'ilaha illallahu! Ya Ustaz, wa ka kashe musu?"

Kafin in ɗago, dattijon nan ya sha gabana, ya baje hannuwa tsakanina da Yarima, yana roƙo da Larabci, hawaye na bin gashin bakinsa. Jami'in tsaron ya matso, hannunsa a kan bindigar da ke ƙugunsa. Masu kawo shayi biyu suka daskare da faranti.

Ga abin da ban sani ba sai daga baya. A ƙasar su Ammu, idan mutum ya yi kisa, gaba ta ƙi ƙarewa tsakanin dangi biyu, hanya ɗaya ce ta sulhu: mai laifin ya zo gaban dangin mamacin ba takalmi, ba hula, kai a ƙasa, ɗauke da likkafaninsa a hannu biyu. Ma'ana, ga raina, ku kashe ko ku yafe. Ko wasan kwaikwayo aka shirya ba za a samu wanda ya kwaikwayi abin kamar ni ba. Har kafur.

Yarima ya dubi Ammu, ya dubi yadin, ya juya wurin Jakada ya tambaya cikin ladabi da Turanci, me dattijon yake cewa?

Jakada ya waiwaya bayansa yana neman tafinta. Babu kowa a wurin. Tafinta yana tsakiyar falo, ba takalmi.

Anti Rifkatu ta sauke tabaranta kaɗan. "To, malam tafinta. Fassara."

Jama'a, na taɓa jin kunya a rayuwata, amma ranar na san cewa sauran duk wasan yara ne. Shaiɗan ya raɗa mini cewa in ce dattijon yana yi wa Yarima barka da zuwa ne irin ta mutanen kudu. Wa zai sani? Iƙamata tana lilo a idona, ina ganin kaina a filin jirgi da akwati. Amma na dubi Ammu, mutumin da ya jefa kansa gaban mai bindiga saboda ni, na ji ba zan iya mayar da hawayensa wasa ba. Na fara da Turanci:

"Ranka ya daɗe, yana cewa ka yafe mini. Wai ni yaron kirki ne, ina sallah a kan lokaci. Wai ko wa na kashe muku, ba da gangan ba ne." Ammu ya ƙara wata magana, na ci gaba. "Yana cewa tunda na kawo likkafanina da kaina, girmanka ne ka karɓa. Wai shi zai kawo ragon sulhu."

Jakada ya rufe ido. Na ji yana cewa ƙasa-ƙasa da Hausa, "Innalillahi."

Sai da na ƙara da bayanin kaina, cewa gaisuwar ƙasarsu na so in yi. Yarima ya ƙare wa yadin kallo. Ya sa hannu cikin ƙirjin rigarsa ya zaro nasu ƙyallen na ainihi: ɗan siririn siliki ne, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Ya ɗaga shi kusa da nawa, wanda zai rufe katifa har ya yi saura. Kafaɗunsa suka fara motsi. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, amma dariyar ta ƙwace masa, har sai da ya dafa kujera.

Da ya nutsu ya ce, a gaya wa dattijo ya yafe. (Wannan ma ni na fassara. Ammu ya rungume ni yana hamdala, har lokacin bai yarda ban kashe kowa ba.) Sannan Yarima ya karɓi yadin da hannu biyu. Na ji sanyi a raina, na ce khalas, shi ke nan, an wuce wurin. Ashe da saura. A al'adarsu, in babba ya karɓi ƙyallen, yakan mayar wa mai shi a wuya, alamar sa albarka. Wannan shafin ne ban kai ga karantawa ba. Yarima ya warware likkafanin nan ya yafa mini shi a kafaɗa, ya gyara mini shi da kyau, kuma cirewa a gabansa cin fuska ne.

Haka na tsaya bayan Jakada aka yi jawabai, aka sa hannu, aka yi musabaha. Duk hoton da aka ɗauka na wannan rana mai tarihi, in ka duba ta hagu, za ka ga wani mutum a naɗe cikin fari yana zare ido kamar wanda aka fasa binnewa.

Washegari Anti ta kira ni ofis. Na shiga na riga na yi bankwana da Alƙahira a zuciyata, har na fara tunanin wanda zan bar wa fankata. Ta daɗe tana rubutu ba ta dube ni ba.

"Na ce ka zama me?"

"Kujera, Anti."

"Ka taɓa ganin kujera ta je kasuwa?"



"Shekarata goma sha wani abu a ƙasashen Larabawa," in ji ta. "Duk abin da Ammu ya faɗa na ji shi. Na ce ka fassara ne don in ga abin da za ka yi. Da ka canza ko kalma ɗaya don ka ceci kanka, da yau ba ka shigo ofishin nan ba. Wawa zan iya gyara shi. Tafinta maƙaryaci kuwa ba ni da maganinsa." Ta turo mini takardar tabbatar da ni a aiki. "Sa hannu. Kuma daga yau ko tsinken sakace za ka saya da sunan ofishin nan, ka fara tambaya."

Na sa hannu, na fita na sami bayan gida na yi kukana na daɗi, na wanke fuska.

Har yau a ofis ba mai kirana da sunana, Marigayi suke ce mini. In baƙo zai zo, kafin in buɗe waya sai na fara zuwa bakin ƙofar gidan Jakada na sha shayi da Ammu Sabir na tambaye shi, don na gane cewa abin da mai gadi ya sani ba ya cikin intanet, kuma matambayi ba ya ɓata. Sauran falle biyun suna nan a ƙasan akwatina. Na so in yar da su, Ammu ya hana ni. Ya ce, "Ajiye abinka, ya Ustaz. A duk sayayyar da ka yi a Masar, wannan ce kaɗai na tabbata za ka yi amfani da ita."