Turmin Kudu Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai cike da auduga, ni Ashiru mai adaidaita sahu na Unguwar Gano nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar haƙorina, babban turmin ƙasa na ɓangaren dama, wanda a gida muke kira Turmin Kudu. Ya rasu ana jajibirin Babbar Sallah, lafiyarsa ƙalau.

Marigayin ya fito tun ina firamare, kuma bai taɓa neman hutu ba. Fari ne tas, mai faɗin kai, saiwoyinsa biyu sun kama dasashi kamar ginin masu kuɗi. Haƙoran gaba su gutsira su yi ta washewa a hoto, fiƙa ta yaga ta koma gefe tana hura hanci, amma niƙa, aikin da ba mai gani balle ya yaba, shi ke yi a can ƙurya. Ya yi aya, ya yi goruba, ya yi ƙanzo. Duk fasinjan da na taɓa ɗauka daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni ya san muryarsa a kan ƙuli-ƙuli: ƙurus, ƙurus, garas.

Burinsa ɗaya ne a duniya. Shekara da shekaru yana tauna ragowar layyar maƙwabta, sai bana Allah ya hore mini rago nawa na kaina. Na yi masa alkawarin guringuntsi da soyayyen haƙarƙari. Ragon yana tsakar gida yanzu haka yana cin dusa da cikakkun haƙoransa.

Ga yadda ajali ya zo. Wanda ke ciwo ɗan uwansa ne na hagu, Turmin Arewa, malalaci, mashayin lemo, da rami a kansa har ya kai ga jijiya. Matata Nusaiba ta ce in tafi asibiti. Abokina Zakariyya ya ce layin asibiti sai bayan Sallah, shi ya san wani gwanin cire haƙori a wani lungu a Darmanawa, kafin ka ce wayyo ya gama.

Muka je. Kumatuna duka biyu a hannu, ina zaune a benci ina fuskantar gabas, gwani ya tambaye ni wanne ne. Ni kuwa tun tasowata ban iya kwatance da hagu da dama ba, ko fasinja ya tambaye ni hanya da gabas da yamma nake ba shi. Na ce na ƙasa, na arewa.

Sai ya zaunar da ni a kujerarsa, wadda ke kallon yamma. Ya yi allura, bakina ya mutu. Ya leƙa taga ya tabbatar da inda arewa take, ya sa ƙarfe. Marigayin ya yi turjiya irin ta mai gaskiya, har gwani ya taka kujera da ƙafa. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce: ɓaras.

Da allura ta sake ni na ji tsohon ciwo yana nan daram, muka koma da gudu. Gwani ya rantse bai yi kuskure ba, ya buɗe abin duba alƙibla a wayarsa ya nuna wa Zakariyya. Zakariyya ya duba ya ce wallahi arewa ce. Ni ma na duba. Arewa ce.

Marigayin ya bar haƙoran gaba takwas waɗanda ba su san komai ba sai murmushi, da fiƙoƙi huɗu, da turmin sama da suka yi zaman aure na amana, wanda yanzu in ya sauko sai ya tarar da fili. Ya kuma bar Turmin Arewa, da ake zargi, wanda ko ruwan sanyi ba ya yarda ya wuce ta unguwarsa. Harshe bai daina zuwa gaisuwa a giɓin ba.

Muna godiya ga maƙwabciyarmu Inna Jummai, wadda da ta ji an ce turmin gidan Ashiru ya tafi ta aiko da nata har da taɓarya. A zo a ɗauka.

Za a binne marigayin gobe bayan an sauko daga Idi, a gindin dalbejiyar ƙofar gida, a naɗe cikin farin ƙyalle. Zakariyya ne zai haƙa ramin, kuma ba za a tambaye shi inda gabas take ba. Daga nan za a yanka rago a ciyar da masu ta'aziyya. Ni za a tace mini romo. Iyalan mamacin suna roƙon duk wanda rabonsa ya faɗa kan guringuntsi ya fita waje ya tauna, don kunnuwana suna nan da ransu.