Kaskar Ragon Surukina

Na tuba, rawar kaina ce ta ja mini. Na je gaida surukina a Wurma, na tarar ana cire wa ragonsa kaska. Don in burge shi na ce, "Baba, a bar mini, aikina ne."

Na laluba ƙasan cikin ragon, na ji wata ƙosasshiya, na kama da farce na murɗa. Rago ya zabura ya haure ni, na faɗa kwatarniyar dusa.

Baba ya leƙa ya ce, "Malam, ai nononsa ne. Da shi aka halicce shi."

Wallahi ban san rago na da nono ba. Har yau ina sauka daga babur ƙannen matata ke rugowa da ƙwarya: "Yaya, a tatso mana na rago!"