Mai Lambu da Tsiron Hanci

Wani mai lambu ne, nama ya tsiro masa a cikin hanci. Numfashi sai ta baki. Ƙanshi da wari duk ɗaya suke a wurinsa. Ga shi da tsoron wuƙa kamar me, amma matarsa ba ta ɗaukar wargi. Ta tasa shi gaba har asibiti, aka yanke.

Ranar sallama likita ya zaunar da shi.

"Baba, mun auna naman da muka cire. Akwai wani sinadari a cikinsa mai aiki da ƙarfi, irin wanda ke sa abin ya sake tsirowa."

"Wato taki," in ji mai lambu.

"Kira shi yadda ka ga dama. Ga ruwan magani, ka riƙa fesawa a hanci safe da yamma. In ka yi wasa, za mu koma kan wuƙa."

Ya karɓa hannu bibbiyu, ya yi godiya. Yana isa gida ya wurga kwalbar bayan kabad.

Matar ta ce, "Maigida, ba fesawa aka ce ka yi ba?"

"Ke, rufa mini asiri! Shekara talatin ina lambu. An yi sara, ga taki a ƙasa, sannan in bi da ban-ruwa safe da yamma? Likitan nan karatu kawai ya yi, bai taɓa riƙe fartanya ba."

Daga ranar ya hana hanci ruwa. In zai wanke fuska, daga goshi sai ya tsallake zuwa haɓa. Hadari ya haɗo, mutane na kwashe shanya, shi yana gudu da hula a kife kan hanci. Ya ce rana ma tana sa tsiro girma, sai ya koma tafiya kai a sunkuye, har ya yi karo da bishiyar da shi ya dasa.

Wata shida, hanci ya toshe ruf. Matar ta sake tasa shi gaba.

Likita ya haska, ya girgiza kai.

"Ya dawo, har ya fi na da. Sai an sake yanka. Ina maganin da na ba ka?"

Matar ta ciro kwalbar daga jaka ta ajiye a kan tebur. Ko murfin ba a taɓa buɗewa ba.

"Haba Baba! Ko sau ɗaya ba ka fesa ba?"

Mai lambu ya dube shi sheƙeƙe.

"Ka gode Allah, likita. Babu ko ɗigon ruwa ya yi wannan girman. Da na bi ta taka, ai da yau kwando za ka ɗauko, ba wuƙa ba."